Cin zali da son kai a wurin aiki bayan haɗe ma'aikatu a Kaduna

Cin zali da son kai a wurin aiki bayan haɗe ma'aikatu matsala ce da kan taso idan aka narkar da kamfanoni, bankuna ko hukumomin gwamnati biyu ko fiye suka zama abu ɗaya, ma'aikatan wani ɓangare suka wayi gari a ƙarƙashin shugabannin wani ɓangaren. Matsalar takan bayyana ta fuska uku: muzguna wa wasu ma'aikata, fifita wasu wajen rabon muƙamai da ƙarin girma, da gazawar shugabanni wajen tsara sabuwar ma'aikatar. A bakin ma'aikata Hausawa, akan ce ofis ya rabu gida biyu, akwai 'yan mowa akwai 'yan bora. Idan kuma aka takura wa mutum har ya ajiye aiki da kansa, sai a ce an yi masa kora da hali.

Birnin Kaduna, musamman ɓangaren da ke arewacin kogi, yana cikin wuraren da suka fi ganin irin wannan haɗewa a Najeriya. Masana'antun saƙa da sauran manyan masana'antu an kafa su ne a kudancin kogi, a Kakuri da kewayenta. Arewacin kogi kuwa nan ne mazaunin ofisoshi: sakatariyar gwamnati, zauren Lugard, gidan Sir Kashim Ibrahim, gidajen rediyo da talabijin, da rassan bankuna da ke kan titin Yakubu Gowon da titin Ahmadu Bello. Daga shekarar 1917 zuwa yau, ma'aikatan waɗannan ofisoshi sun sha ganin an haɗe su da wasu, ko an raba su, ko an yi wa ma'aikatarsu garambawul.

## Ma'ana

Cin zali a wurin aiki shi ne a riƙa maimaita wa ma'aikaci wani hali na wulaƙanci ko takurawa na tsawon lokaci, alhali ba shi da ƙarfin kare kansa. Saɓani na rana ɗaya tsakanin abokan aiki ba ya shiga wannan ma'ana. Heinz Leymann, masanin halayyar ɗan Adam haifaffen Jamus da ya yi aiki a ƙasar Suwidin, yana cikin waɗanda suka fara nazarin lamarin a shekarun 1980. Ya lissafa halaye 45 na muzgunawa, ya kuma kafa ma'aunin cewa abin ya zama yana faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata shida. A Birtaniya, 'yar jarida Andrea Adams ta fitar da littafi kan batun a shekarar 1992, wanda ya sa jama'a suka fara tattauna shi a fili.

Daga cikin siffofin da aka fi sani akwai:

- yi wa ma'aikaci tsawa ko kunyata shi a gaban na ƙasa da shi;
- hana shi aiki gaba ɗaya, a bar shi da tebur ba fayil;
- ɗora masa aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sannan a hukunta shi idan ya gaza;
- ɓoye masa labarin taro ko takardun da aikinsa ke buƙata;
- yawan ba shi takardar tuhuma kan laifin da ake kau da kai idan wasu suka yi;
- sauya masa wurin aiki zuwa gari mai nisa ba tare da dalili na aiki ba.

Son kai kuwa shi ne a fifita mutum a kan wanda ya fi shi cancanta saboda dangantaka, ƙabila, addini, garinsu ɗaya, ko don yana da ubangida a sama. Bayan haɗewa akan samu wani nau'i na musamman, wato fifita mutum saboda tsohuwar ma'aikatar da ya fito. Rashin iya shugabanci shi ne ƙasar da waɗannan biyun ke tsirowa a kai: ba a fayyace aikin kowa ba, ba a san wa ke ba da umarni ba, kuma ba a sauraron ƙorafi.

## Yadda haɗewa ke haifar da matsalar

Dalili na farko shi ne ƙarancin kujeru. Kowace ma'aikata tana da nata shugaban, da darakta na kuɗi, da mai kula da ma'aikata, da babban akawu. Idan biyu suka zama ɗaya, kowace kujera tana da mutum biyu masu ganin tasu ce. Wanda ya samu yakan jawo mutanen da ya saba aiki da su, wanda ya rasa kuma yaransa kan zama marayu a sabon ofis.

Na biyu shi ne rikicin jerin girma. Kowane ɓangare yana zuwa da tsarinsa na matakan aiki, albashi da alawus. Mataimakin manaja a ƙaramin kamfani ba lallai ya yi daidai da mataimakin manaja a babba ba. Wajen daidaita matakan ne ake rage wa wasu girma, a ɗaga wasu. Idan ba a rubuta ƙa'idar daidaitawar aka bayyana ta ga kowa ba, duk wanda aka rage wa mataki zai ɗauka bita da ƙulli ne, ko da an yi gaskiya.

Na uku shi ne tsadar sallama. Haɗewa galibi tana zuwa da niyyar rage kashe kuɗi, sallamar ma'aikaci a hukumance kuma tana buƙatar biyan haƙƙoƙinsa. Wanda ya gaji ya ajiye aiki da kansa yakan tafi da abin da bai kai haka ba. Wannan ne ke sa wasu shugabanni su mayar da muzgunawa hanyar rage ma'aikata cikin araha. Shari'ar da ta fi shahara kan haka ita ce ta kamfanin France Télécom a Faransa. Bayan sayar da hannun jarin gwamnati, kamfanin ya tsara rage ma'aikata 22,000 cikin shekara uku, kuma a lokacin ma'aikata da dama suka kashe kansu. A watan Disamba na 2019 kotu a Paris ta samu tsohon shugaban kamfanin, Didier Lombard, da wasu manyan jami'ai da laifin mayar da muzgunawa manufar kamfani.

Na huɗu shi ne rabuwar zukata zuwa "mu" da "su". Gwaje-gwajen Henri Tajfel a shekarun 1970 sun nuna cewa mutane kan fifita 'yan rukuninsu ko da an raba rukunan ne kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ma'aikatan da suka shafe shekaru a ƙarƙashin suna ɗaya sun fi haka riƙo da juna. Haɗewar kamfanonin motoci na Daimler-Benz na Jamus da Chrysler na Amurka a 1998, wadda ta wargaje a 2007, ana yawan kawo ta misali na yadda bambancin al'adar aiki ke hana ɓangarori biyu zama ɗaya. Binciken Ståle Einarsen da abokan aikinsa a Jami'ar Bergen ta ƙasar Norway ya kuma nuna cewa cin zali yana ƙaruwa a lokacin sauye-sauye, da kuma inda shugaba ke naɗe hannu ya bar rikici ya ci gaba.

## Tarihi a Kaduna

### Haɗewar 1914

A ranar 1 ga watan Janairu 1914 Frederick Lugard ya haɗe Arewa da Kudancin Najeriya. Tun a 1912 an riga an haɗe layin dogo na Legas da na Baro zuwa Kano, waɗanda a baya suke gogayya da juna kan dakon kaya. Sassa irin su gidan waya da baitulmali sun koma ƙarƙashin Gwamna Janar, amma aka bar Arewa da Kudu kowace da Mataimakin Gwamna da sakatariyarta. Charles Temple ne ya riƙe Arewa, A. G. Boyle ya riƙe Kudu. A 1917 hedikwatar Arewa ta tashi daga Zungeru ta dawo Kaduna.

Turawan mulki na ɓangarorin biyu ba su zama tsintsiya ɗaya ba. Na Arewa suna ganin kansu ƙwararru kan mulki ta hannun sarakuna, suna kuma ƙin katsalandan daga Legas. Temple kansa ya saɓa da Lugard kan yadda ya kamata a yi haɗewar. An soki Lugard da tattara kowane hukunci a hannunsa, da kuma naɗa ƙaninsa, Manjo Edward Lugard, a matsayin sakatarensa na siyasa. Hugh Clifford, wanda ya gaje shi a 1919, ya soki tsarin da ya tarar, ya kafa sakatariya ɗaya a Legas a ƙarƙashin Donald Cameron. Sassan ilimi na Arewa da Kudu ba su haɗe ba sai 1929, 'yan sanda kuma sai 1930. A duk tsawon wannan lokaci manyan muƙamai galibi na Turawa ne, yawancin 'yan ƙasa suna riƙe da aikin akawu, masinja da leburanci.

### Dokar soja mai lamba 34 ta 1966

Wannan ita ce haɗewar da ta fi kowace girgiza ma'aikatan Kaduna. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta ɗauki manufar mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa. A ƙarƙashinta, idan akwai ɗan Arewa da ya cancanta shi ake ɗauka, idan babu sai a ɗauko Bature a kan kwantiragi, ɗan Kudu ne zaɓi na ƙarshe. Gwamnatin ta kafa hujja da cewa ilimin boko ya makara zuwa Arewa, don haka gasa a buɗe za ta bar 'yan yankin a baya. 'Yan Kudu da ke aiki a Arewa kuwa sun ɗauki manufar a matsayin wariya, kuma da yawa sun rasa ayyukansu a dalilinta. An yi amfani da Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya wajen horar da matasa cikin gaggawa, wasu kuma suka hau manyan matakai cikin ƙanƙanin lokaci.

Bayan juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, wanda aka kashe Sardauna a gidansa da ke Kaduna, Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓi mulki, Hassan Usman Katsina ya zama gwamnan soja na Arewa. Ironsi ya ɗora wa Francis Nwokedi aikin nazarin haɗe aikin gwamnati na jihohi da na tarayya. A ranar 24 ga watan Mayu 1966 aka fitar da doka mai lamba 34, wadda ta soke tsarin tarayya, ta mayar da jihohi rukunonin larduna, ta kuma haɗe ma'aikatan gwamnati wuri ɗaya. Dokar ta fito ne tun kafin kwamitin nazarin tsarin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams ya kammala aikinsa.

Abin da ya tayar da hankalin jami'an sakatariyar Kaduna shi ne jerin girma. Idan aka zuba kowa a jeri ɗaya bisa takardun karatu da shekarun aiki, takwarorinsu na Kudu, waɗanda suka riga su shiga aiki kuma suka fi yawan masu digiri, za su hau kansu. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ma sun ji tsoron rasa guraben da suke sa rai. Zargin son kai ya ƙara rura wutar. An soki Ironsi da dogaro da mashawarta 'yan yankinsa, kuma marubuta tarihin lokacin sun ruwaito cewa cikin manjoji 21 da aka ƙara wa girma zuwa laftanar kanar, 18 Ibo ne. Masu kare matakin sun ce yawancin waɗanda lokacin ƙarin girmansu ya yi daga Gabas suka fito. Sai dai gwamnati ba ta gamsar da waɗanda abin ya shafa ba kafin ta yanke hukunci.

A ƙarshen watan Mayu zanga-zanga ta ɓarke a garuruwan Arewa, ta rikiɗe zuwa tarzoma inda aka kashe mutane da yawa, galibinsu 'yan Gabas. A ranar 29 ga Yuli aka yi juyin mulki na biyu, aka kashe Ironsi. Yakubu Gowon ya soke dokar bayan 'yan makonni. Rikicin 1966 yana da dalilai da suka wuce batun ofis, amma tsoron da ma'aikata suka ji kan matsayinsu yana cikin manyansu.

Bayan ƙirƙiro jihohi 12 a watan Mayu 1967 sai lamarin ya juya. Aka raba Arewa gida shida, aka rarraba ma'aikatan Kaduna zuwa sababbin jihohi, galibi bisa asalin kowa. Kadarorin da ba su rabuwa aka bar su a hannun hukumar riƙon ƙwarya ta ICSA mai hedikwata a Kaduna.

### Rediyo da talabijin

A 1962 gwamnatin Arewa ta kafa kamfanin watsa labarai na BCNN tare da haɗin gwiwar kamfanonin EMI da Granada na Birtaniya. Shi ne ke gudanar da Rediyo da Talabijin na Kaduna. A gefe guda kuma akwai hukumar NBC ta tarayya, wadda ta fara aiki a 1957, da nata reshen a garin. A 1977 gwamnatin soja ta kafa hukumar NTA, wadda ta karɓe gidajen talabijin na ƙasar, har da na Kaduna. Daga nan doka mai lamba 8 ta 1979, wadda aka mayar da fara aikinta zuwa 1 ga Afrilu 1978, ta haɗe NBC da sashen rediyo na BCNN suka zama FRCN, da manyan tashoshi a Kaduna, Ibadan da Inugu, hedikwata kuma a Legas. Rassan NBC na jihohi aka miƙa su ga gwamnatocin jihohi.

Cikin shekara biyu, ma'aikatan da suke kamfani ɗaya sun koma hukumomi daban-daban, wasu kuma da suke gogayya da juna sun koma ƙarƙashin inuwa ɗaya. An yi muhawara mai zafi a Arewa kan 'yancin tashar Kaduna da ikon da Legas za ta samu a kanta. Tsarin shiyya-shiyya da aka ɗauka ya bar wa tashar shugabancinta da shirye-shiryenta na Hausa da sauran harsunan Arewa, abin da ya bambanta wannan haɗewa da ta 1966.

### Haɗewar bankuna

A ranar 6 ga Yuli 2004 gwamnan Babban Bankin Najeriya, Charles Soludo, ya sanar da ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, da wa'adin 31 ga Disamba 2005. Bankuna 89 suka koma 25, aka soke lasisin 14 da suka kasa. Haɗewar da ta fi shafar Arewa ita ce ta Unity Bank, wanda ya fara aiki a watan Janairu 2006 bayan narkar da bankuna tara. Cikinsu akwai Bank of the North mai hedikwata a Kano, wanda jihohin Arewa suka mallaka, da Intercity Bank, Tropical Commercial Bank, First Interstate Bank da NNB International Bank. Daga baya an samu wasu haɗe-haɗen: Ecobank da Oceanic a 2011, Access da Intercontinental a 2012, sai Access da Diamond a 2019.

A gari kamar Kaduna, inda rassan bankuna ke jere a 'yan tituna kaɗan, haɗewa na nufin rassa biyu ko uku na sabon banki ɗaya su kasance kusa da juna. Idan aka rufe ɗaya, sai manajoji da masu karɓar kuɗi su yi yawa. Ƙungiyoyin ma'aikatan banki, ASSBIFI ta manyan ma'aikata da NUBIFIE ta ƙanana, sun daɗe suna kokawa kan abubuwa uku a faɗin harkar: sallama ba tare da tattaunawa da ƙungiya ba, yawan ɗaukar ma'aikatan wucin gadi ta hannun 'yan kwangila, da ɗora wa ma'aikata adadin kuɗin ajiya da dole su nemo wanda ba zai yiwu ba. Wannan na ƙarshe ya fi takura wa mata da ke sashen neman abokan hulɗa. Shi ne kuma makamin da ya fi sauƙin amfani wajen kora da hali, domin wanda ke raba adadin shi ne ke auna ƙoƙarin ma'aikaci a ƙarshen shekara.

A watan Maris 2024 Babban Bankin ya sake ɗaga jarin, zuwa naira biliyan 500 ga bankuna masu lasisin ƙasa da ƙasa da biliyan 200 ga masu lasisin ƙasa, da wa'adin 31 ga Maris 2026. A watan Agusta na shekarar ya amince da shirin haɗe Unity Bank da Providus Bank.

### Garambawul a ma'aikatun gwamnati

Bayan hawansa mulki a ranar 29 ga Mayu 2015, Gwamna Nasir El-Rufai ya rage ma'aikatun Jihar Kaduna daga 19 zuwa 13, ya kuma rage yawan manyan sakatarori. Gwamnati ta ce manufarta ita ce rage kashe kuɗi da kawar da maimaita aiki. A watan Afrilu 2021 aka sallami dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi. Gwamnati ta kafa hujja da cewa albashi yana cinye kaso mafi tsoka na kuɗin da jihar ke samu daga asusun tarayya. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ƙarƙashin Ayuba Wabba ta ce ba a bi ƙa'idar sallama ba, ta fara yajin aikin gargaɗi na kwana biyar a ranar 17 ga Mayu 2021. Wutar lantarki, jirgin ƙasa da bankuna suka tsaya a garin, aka janye yajin a rana ta uku bayan gwamnatin tarayya ta shiga tsakani.

A matakin tarayya, rahoton kwamitin Stephen Oronsaye na 2012 ya ba da shawarar rage hukumomin da doka ta kafa daga 263 zuwa 161. A watan Fabrairu 2024 gwamnatin Bola Tinubu ta sanar da amincewa da aiwatar da wasu sassansa. Jerin da aka sanar ya shafi hukumomi da dama da ke Kaduna: haɗe FRCN da Muryar Najeriya, haɗe Hukumar Ilimin Makiyaya da hukumar yaƙi da jahilci, mayar da cibiyar binciken cutar sammore ƙarƙashin cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, da haɗe kwalejin fasaha ta sojan sama da makarantar horar da hafsoshi ta NDA.

## Illoli

Ga ma'aikaci, cin zali na tsawon lokaci yana da alaƙa da rashin barci, damuwa mai tsanani da yawan rashin lafiya. A Arewacin Najeriya, inda albashin mutum ɗaya kan ɗauki nauyin iyaye, ƙanne da 'yan uwa, da yawa sukan haɗiye abin da ake yi musu saboda tsoron rasa aiki. Al'adar kunya da girmama na gaba, da nasihar da akan yi wa mai ƙorafi cewa ya yi haƙuri, suna sa lamarin ya daɗe a ɓoye.

Ga ma'aikata kuwa, waɗanda suka fi ƙwarewa su ne kan fara tafiya, domin su ne ke da inda za su je. Waɗanda suka rage sukan daina faɗin gaskiya ga shugabanni, kuskure ya riƙa wucewa ba mai magana. Idan layin tsohuwar ma'aikata ya zo daidai da layin ƙabila ko addini, rikicin ofis yana iya ɗaukar wata fassara a waje. Wannan haɗari ne na musamman a Kaduna, inda tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 mazauna suka rabu sosai tsakanin arewa da kudancin kogi, wurin aiki kuma ya zama ɗaya daga cikin wuraren da ɓangarorin ke haɗuwa kullum.

## Matsayin doka

Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare mutuncin ɗan Adam, sashe na 42 ya haramta wariya saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa. Sashe na 14(3) ya tanadi daidaiton wakilci a hukumomin tarayya, kuma akwai hukumar da aka kafa a 1996 don sa ido a kai.

Dokar Ƙwadago ta tanadi abubuwa biyu da suka shafi haɗewa kai tsaye. Sashe na 10 ya ce ba a mayar da ma'aikaci daga hannun wani mai ba da aiki zuwa wani sai da yardarsa da amincewar jami'in ƙwadago. Sashe na 20 ya ce idan za a rage ma'aikata dole a sanar da ƙungiyarsu dalili da adadi, a fara da wanda ya zo ƙarshe tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana, a kuma yi ƙoƙarin sasanta kuɗin sallama. Sai dai ma'anar "ma'aikaci" a dokar ba ta haɗa da masu muƙaman gudanarwa da ƙwararru ba, don haka manyan ma'aikata kan dogara da takardar ɗaukarsu aiki da yarjejeniyar ƙungiya.

Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ƙara sashe na 254C, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron ƙararrakin ƙwadago, ciki har da wariya, cin zarafin jinsi da rashin adalci a wurin aiki. Ya kuma ba ta damar amfani da yarjejeniyoyin duniya da Najeriya ta amince da su. Kotun tana da reshe a Kaduna. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke aiwatarwa, ta amince da matsin ƙwaƙwalwa a matsayin abin da za a iya biyan diyya a kansa a wasu yanayi. Jihar Kaduna ta kafa dokar haramta cin zarafin mutane a 2018. A watan Nuwamba 2022 Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a 2019 kan tashin hankali da muzgunawa a wurin aiki.

Ma'aikacin da ke da ƙorafi yana iya bi ta sashen kula da ma'aikata, ƙungiyar ƙwadago, ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, ko kotu. Babbar matsalar ita ce hujja. Cin zali yakan faru da baki ko a bayan ƙofa, abokan aiki kuma suna tsoron ba da shaida. Shi ya sa ƙungiyoyin ƙwadago da lauyoyi ke ba da shawarar adana takardu da saƙonni, da rubuta ranar da kowane abu ya faru.

## Hanyoyin kariya

Wani bincike da David Schweiger da Angelo DeNisi suka wallafa a 1991 ya kwatanta masana'antu biyu na kamfani ɗaya a Amurka lokacin haɗewa. A ɗaya an riƙa sanar da ma'aikata gaskiyar abin da ke tafe, a ɗayar ba a yi ba. Inda aka yi bayani, fargaba ta lafa kuma amincewa da shugabanni ta farfaɗo, a ɗayar kuwa lamarin ya ci gaba da taɓarɓarewa. Matakan da masana harkar gudanarwa suka fi ambata sun haɗa da:

- rubuta ƙa'idar daidaita matakai da albashi, a bayyana ta kafin a fara naɗe-naɗe;
- kafa kwamitin tantancewa mai wakilai daga kowane ɓangare;
- tallata manyan muƙamai a cikin gida don kowa ya nema;
- shigar da ƙungiyar ƙwadago tun farkon tattaunawa;
- buɗe hanyar kai ƙorafi da ba ta bi ta hannun wanda ake ƙara ba;
- cakuɗa ma'aikatan ɓangarorin a sassa ɗaya, da bibiyar alƙaluman ƙarin girma, sauyin wurin aiki da murabus na kowane ɓangare;
- biyan haƙƙin waɗanda aka sallama cikakke kuma a kan lokaci.

## Duba kuma

- Kaduna
- Jihar Arewa
- Johnson Aguiyi-Ironsi
- Rediyon Tarayya na Kaduna
- Unity Bank
- Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya
- Kotun Ma'aikata ta Ƙasa